Donald Campbell, Sarkin Gudu a Kan Ruwa

A filinmu na tarihin shahararrun mutane na wannan makon mun kawo muku labarin wani Bature ɗan ƙasar Ingila mai suna Donald Campbell. Ya rasu tun shekarar 1967, lokacin ba a ma haifi iyayen yawancinmu ba. Mun san wasu za su ce me ya haɗa 'yan Kurfi da mai tuƙa jirgin ruwa a Ingila, alhali ruwan da muka sani bai wuce na rafi da kududdufi da dam ɗin Zobe ba. Ku daure ku karanta har ƙarshe, za ku ga inda labarin ya shafe mu.

Abin da ya sa muka zaɓe shi, malamin da ke kula da kulob ɗinmu ne ya nuna mana wani tsohon hoton bidiyo a wayarsa. Mun ga wani jirgi yana tsaga ruwa da wani irin gudu, sai kawai ya tashi sama kamar takarda, ya juya, ya faɗo ya tarwatse. Duka abin bai kai ƙiftawar ido biyar ba. Daga nan gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu suka ce jarumi ne, wasu suka ce ganganci ne ya kashe shi. Malam ya ce kada mu yanke hukunci sai mun san rayuwar mutumin tukuna. Ga abin da muka tattara.

Haihuwarsa da gidansu

An haifi Donald Campbell ranar 23 ga Maris, 1921, a garin Kingston da ke bakin kogin Thames kusa da Landan. Mahaifinsa, Malcolm Campbell, shi ne ɗan tseren da ya fi kowa suna a Ingila a wancan zamani. Sau 13 yana kafa tarihin gudu na duniya, tara da mota, huɗu da jirgin ruwa. A shekarar 1935, a wani fili mai gishiri da ake kira Bonneville a Amurka, ya zama mutum na farko da ya wuce mil 300 a awa ɗaya da mota, wato kamar kilomita 484. A watan Agusta na 1939 kuma ya yi gudun kilomita 228 a awa a kan tafkin Coniston da ke arewacin Ingila. Ku riƙe sunan wannan tafki, domin zai sake dawowa. Motocinsa da jiragensa na kafa tarihi suna ɗaya yake sa musu, Bluebird, ma'ana shuɗin tsuntsu.

Donald ya tashi yana ganin ana ɗaga mahaifinsa ana yi masa tafi. Sai dai mahaifin mutum ne mai zafi da wuyar gamsarwa, kuma bai nuna yana son ɗan ya bi sawunsa ba. Donald ya yi karatu a makarantar kwana ta Uppingham. Yana yaro ya kamu da wani zazzaɓi mai kama gaɓoɓi wanda kan taɓa zuciya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, ya kai kansa rundunar sojan sama yana son ya zama matuƙin jirgin yaƙi, amma saboda wannan tsohuwar cuta bai samu ya yi aikin ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Sai ya koma aikin injiniya a wani kamfanin ƙera jikin motoci, daga baya ya sa hannun jari a wani ƙaramin kamfanin ƙere-ƙere.

Malcolm ya rasu a ranar ƙarshe ta shekarar 1948, a gida, bayan ya yi fama da shanyewar jiki. Yana daga cikin 'yan tsirarun masu irin wannan gudu da suka mutu a kan gado.

Yadda ya gaji uban

Ba a daɗe da rasuwar ba sai labari ya zo cewa Amurkawa na shirin ƙwace tarihin gudun ruwa da Malcolm ya kafa. Donald yana da shekara 28, bai taɓa shiga tsere ba, amma ya ce sunan gidansu da na ƙasarsu ba zai faɗi yana kallo ba. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ɗauko tsohon jirgin mahaifinsa mai lamba K4, ya kuma nemi taimakon Leo Villa, babban makanikin mahaifinsa wanda ya san shi tun yana jariri. Villa ya gargaɗe shi cewa wanda ya shiga wannan harka da wuya ya iya fita. Duk da haka ya zauna tare da shi har ranar ƙarshe.

Farkon abin bai yi kyau ba. A 1950 wani Ba'amurke mai suna Stanley Sayres ya kai gudun zuwa kilomita 258 a awa, a 1952 ya ƙara zuwa 287. A 1951 Donald da Villa suna cikin K4 a tafkin Coniston, suna gudun da ya kai kamar kilomita 270, sai wani sashe na jirgin ya karye, jirgin ya lalace gaba ɗaya. Su biyun suka tsira da kyar.

Ya kamata a sani cewa Donald ya san abin da ruwa ya yi wa waɗanda suka riga shi. A ranar 13 ga Yuni, 1930, Henry Segrave ya kafa tarihin gudu a tafkin Windermere, sai jirginsa ya kife, ana zaton reshen itace da ke yawo a ruwan ya buga. Injiniyansa ya mutu nan take, shi ma ya cika bayan 'yan sa'o'i. A ranar 29 ga Satumba, 1952, John Cobb ya mutu a tafkin Ness na Sikotland, lokacin da jirginsa ya haɗu da wasu 'yan igiyoyin ruwa yana gudun da ya haura kilomita 320. Ga mai kwalekwale irin waɗannan igiyoyi ba komai ba ne, amma su suka wargaza jirgin.

Sabon jirgi, K7

Bayan mutuwar Cobb, Donald ya yanke shawarar ƙera sabon jirgi da ƙarfe zalla. Wasu injiniyoyi biyu 'yan gida ɗaya, Ken da Lew Norris, su suka zana shi. Ya zuba kusan duk abin da ya mallaka a cikin aikin. Jirgin da aka samu shi ne Bluebird K7. Tsawonsa kamar mita takwas, nauyinsa kusan tan biyu da rabi. Ba shi da farfela. Injin jirgin sama aka sa masa, irin wanda ke zuƙar iska ta gaba ya feso ta ta baya da ƙarfi.

Malamin kimiyya ya yi mana bayanin yadda irin wannan jirgi ke tafiya, kuma mun ga ya dace mu kawo shi nan. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800. Jirgin da ke nitse da cikinsa a ruwa dole ya riƙa ture ruwan gefe, shi ya sa ba ya iya gudu sosai. Dabarar ita ce a sa jirgin ya hau kan fuskar ruwan. Duk wanda ya taɓa jefa faffaɗan dutse a kududdufi ya ga yana tsalle-tsalle a sama bai nitse ba, ya ga wannan dabara da idonsa. Idan K7 ya ɗauki gudu, wurare uku ne kawai 'yan ƙanana ke taɓa ruwa, biyu a gaba, ɗaya a baya. Sauran jikinsa duk a iska yake.

A nan haɗarin yake. Jirgin da kusan dukkansa ke cikin iska, idan hancinsa ya ɗaga kaɗan fiye da ƙa'ida, iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi. Mun sha ganin yadda iskar farkon damina ke shiga ƙarƙashin kwanon rufi ta yaye shi ta jefar can. To haka abin yake. Kuma wanda ya faɗa ruwa da irin wannan gudu, ruwan ba ya buɗe masa hanya. Daidai yake da ya faɗo a kan daɓen siminti.

Akwai kuma ƙa'idar kafa tarihi. Ana auna kilomita ɗaya a tsakiyar tafki. Matuƙi zai ratsa shi sau ɗaya, ya juyo ya sake ratsa shi ta ɗaya ɓangaren cikin awa guda, sannan a haɗa gudun biyu a raba biyu. Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci a ƙarshen labarin.

Bajinta bakwai

Ranar 23 ga Yuli, 1955, a tafkin Ullswater, Donald ya yi gudun kilomita 325 a awa, ya dawo wa Ingila da tarihin. A watan Nuwamba na shekarar ya je tafkin Mead a Amurka ya kai kusan 348. Daga nan ya koma Coniston, inda ya riƙa karya tarihin kansa shekara bayan shekara: kilomita 363 a 1956, kusan 385 a 1957, 400 a 1958, sai kusan 419 a watan Mayu na 1959. A 1957 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girmamawa ta CBE.

Abin da muka lura da shi a waɗannan shekaru shi ne bai yi gaggawa ba. Kowace shekara ɗan ƙari yake yi, kilomita goma sha biyar ko ashirin. Yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana jiran ruwa ya kwanta kamar madubi. Yawanci da sassafe yake fita kafin iska ta taso. Ana share hanyarsa daga itace da tarkace, ana hana sauran jirage motsi, ana ajiye masu ceto a gefe, shi kuma yana ɗaure da bel, da hular kwano a kansa, da rediyon da yake magana da mutanensa. Duk da suna da ya yi, an san shi da tsoron abin da yake yi, kuma bai ɓoye wa na kusa da shi ba. Yana da camfe-camfe ma. Ba ya son launin kore, kuma ba ya shiga jirgi sai da wata 'yar tsana mai siffar dabba da ya sa wa suna Mista Whoppit. Mu dai mun san tsana ba ta tsare kowa daga ajali.

Mota da shekarar 1964

Da ya ga ya gama da ruwa, sai ya juya ga tudu kamar yadda mahaifinsa ya yi. Aka ƙera masa wata mota mai suna Bluebird CN7. A watan Satumba na 1960, a filin gishiri na Bonneville, motar ta ƙwace masa yana gudun kusan kilomita 580, ta yi ta wuntsilawa. Ƙoƙon kansa ya tsage, dodon kunnensa ya fashe, amma ya rayu. Aka sake gina motar, aka ƙara mata dogon fiffike a baya don ta daina karkacewa.

Sai aka nemo masa wani busasshen tafkin gishiri mai suna Eyre a ƙasar Ostireliya, inda aka yi shekaru ba a ga ruwan sama ba. Ikon Allah, suna isa a 1963 sai ruwa ya sauko ya cika wurin, dole aka fasa. Jaridu suka yi masa ca, wasu har suna cewa tsoro ne ya kama shi tun haɗarin da ya yi. Wasu masu ba shi kuɗi suka janye. Ya dawo a 1964, kuma ranar 17 ga Yuli ya yi gudun kilomita 648 a awa, duk da filin bai gama bushewa ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki K7 zuwa tafkin Dumbleyung a yammacin Ostireliya. Iska ta hana shi fita har shekara ta kusa ƙarewa. Sai a ranar 31 ga Disamba, da rana ta yi sanyi, ruwan ya kwanta, ya fita ya yi gudun kilomita 444 a awa. Wannan ce bajintarsa ta bakwai a ruwa. Har yau shi kaɗai ne ya taɓa kafa tarihin tudu da na ruwa a shekara ɗaya. Mun yi lissafi a allo: daga Katsina zuwa Kano kamar kilomita 170 ne, to da irin wannan gudu mutum zai isa cikin ƙasa da minti 25.

Makonni tara a Coniston

Da a ce ya ajiye a nan, da ya tsufa cikin daraja. Amma yana da burin ƙera mota mai injin roka da za ta fi sauti gudu, kuma kamfanoni sun daina ba shi kuɗi kamar da. Hankalin duniya ya koma kan masu zuwa sararin samaniya. Sai ya ga hanyar da zai jawo hankalin masu kuɗi ita ce ya kai mil 300 a kan ruwa, wato kilomita 483.

Matsalar ita ce K7 ya tsufa. Ya kusa shekara 12, kuma tun asali an zana shi ne don gudun kamar kilomita 400. Aka cire tsohon injin aka sa masa wani mafi ƙarfi mai suna Orpheus, wanda aka ciro daga wani ƙaramin jirgin saman soja, aka kuma ɗora masa fiffiken jirgin a baya. A farkon Nuwamba na 1966 suka sauka a Coniston.

Komai ya yi ta cijewa. A gwajin farko hanyar da iska ke shiga inji ta rufta, injin ya zuƙe ɓaraguzan ƙarfe ya lalace, sai da aka nemo wani. Aka yi fama da bututun mai. Sanyi da ruwan sama da iska suka hana fita kwana da kwanaki. Kuɗi na ƙarewa, 'yan jarida sun gaji da jira suna ta rubuce-rubucen da ba su yi masa daɗi ba. Haka aka ci makonni tara.

Ranar Laraba, 4 ga Janairu, 1967, gari ya waye ruwa a kwance. Wajen ƙarfe tara saura kwata na safe ya tayar da inji daga arewacin tafkin ya nufi kudu. Ya ratsa kilomitar da aka auna cikin daƙiƙa bakwai da rabi, gudun kusan kilomita 479 a awa. Saura ƙiris. In ya ɗan ƙara a dawowa, buri ya cika.

A kudancin tafkin akwai jirgin da ke jiransa da mai. Yana da awa guda cur. Zai iya tsayawa ya sha mai, ya jira ruwan da ya tayar ya kwanta. Amma sai ya yi kwana ya juyo nan take. Don adalci, ya kamata mu faɗa cewa ya taɓa yin haka a baya, kuma yana cikin dabarun da suka tsara: in ka dawo da wuri, kana iya wucewa kafin igiyoyin da suka bugi gaɓa su dawo tsakiya. A wannan dawowar gudunsa ya kai kilomita 528 a awa. Mun lissafa, a kowace daƙiƙa ɗaya yana cinye kusan filin ƙwallo ɗaya da rabi.

Jirgin ya fara tsalle daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ta rediyo ya shaida wa mutanensa cewa jirgin na jijjiga shi sosai, ba ya gani da kyau, kuma hancin ya ɗaga. Saura kaɗan ya fita daga kilomitar, sai K7 ya bar ruwa, ya miƙe sama, ya juya a iska, ya faɗo da hanci ya rabe. Leo Villa da masu ceto suka garzaya wurin. Sun tarar da hular kwanonsa da 'yar tsanarsa suna yawo a kan ruwa. Shi kuwa babu shi. Yana da shekara 45.

Bayan rasuwarsa

Masu nutso na sojan ruwan Ingila sun gano ɓaraguzan jirgin a ƙasan tafkin, a zurfin fiye da mita 40, amma ba su ga gawarsa ba, har aka daina nema. Masana sun daɗe suna gardama a kan dalilin haɗarin. Wasu sun ɗora laifin a kan igiyar ruwan da ya tayar da farko. Wasu sun ce rashin shan mai ya sa jirgin ya yi sakayau. Wasu kuma sun nuna cewa injin ne ya mutu ana tsakiyar gudu, alhali turin injin ne ke danne hancin ƙasa. Abin da ba a gardama a kai shi ne an kai jirgin gudun da ya wuce wanda aka gina shi dominsa nesa ba kusa ba.

Shekara 34 yana ƙarƙashin ruwa. A watan Maris na 2001 wani mai nutso, Bill Smith, da abokan aikinsa suka ciro jirgin, a watan Mayu kuma aka samo gawar. An binne shi a maƙabartar ƙauyen Coniston ranar 12 ga Satumba, 2001. An gyara K7, har ya sake hawa ruwa a Sikotland a 2018, kuma tun watan Maris na 2024 yana ajiye a gidan tarihi na Ruskin a Coniston. 'Yarsa Gina ita ma ta yi tseren jiragen ruwa, ta kuma kafa tarihin gudu na mata.

Wata shida bayan rasuwarsa wani Ba'amurke, Lee Taylor, ya karya tarihinsa. Shi ma ruwa ya ci shi a 1980 a tafkin Tahoe yana neman ƙari. Tarihin da ke nan yanzu na Ken Warby ne ɗan Ostireliya, kilomita 511 a awa, wanda ya kafa a dam ɗin Blowering ranar 8 ga Oktoba, 1978. Wani mai suna Craig Arfons ya mutu a 1989 yana ƙoƙarin karya shi. Fiye da shekara 45 ke nan babu wanda ya wuce Warby. Shi kuwa tafkin Coniston, a yau dokar da ke kansa ita ce kada jirgi ya wuce mil 10 a awa, wato kilomita 16, sai in an ba da izini na musamman.

Inda labarin ya shafe mu

Da muka koma kan gardamarmu, ga inda yawancinmu muka tsaya. Donald Campbell ba irin direban da ke wasa da ran fasinja ba ne. Shi kaɗai ne a cikin K7, ya san haɗarin, kuma ya yi shekaru yana bin ƙa'ida. Amma a ƙarshe matsin kuɗi da surutun mutane da tsoron a ce ya gaza suka tura shi ya nemi abin da tsohon jirginsa ba zai iya ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wasu a kulob ɗinmu har yanzu suna ganin jarumi ne kawai wanda kwanansa ya ƙare. Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Tambayar da ta fi damun mu ita ce wannan. Mutumin da ke da injiniyoyi da masu ceto da bel da hular kwano da tafkin da aka share masa, kuskure kaɗan ya halaka shi. To ina ga wanda ya cika kwalekwale mai inji da mata da yara da buhuna da babura, ya murɗa inji har ƙarshe don ya riga wani zuwa gaɓa, ko don 'yan kallo su yi masa ihu?

Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a dam ɗin Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya sa'o'inmu da ƙannenmu, suna hanyar zuwa Mauludi. An ce lodi ne ya yi yawa. A nan jiharmu ma, a watan Mayu na 2022, lokacin bikin ƙaramar Sallah, kwalekwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, mutum fiye da goma suka rasu, akasarinsu yara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗannan jirage ba su yi ko kusa da gudun K7 ba, amma kuskuren iri ɗaya ne: an ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa.

Hutu na zuwa. Wasunmu za su je Dutsin-Ma su leƙa dam ɗin Zobe, wasu za su bi 'yan'uwa zuwa Yawuri ko Lakwaja ko Legas, inda jirage masu inji ke gudu sosai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Ga abin da muke roƙon kowa ya riƙe:

1. Kada ka shiga jirgi ba rigar kariya, ko da ka iya iyo. Wanda ya bugu ya suma ba ya iyo. A ɗaure rigar sosai, kada a rataya ta a kafaɗa kawai.

2. In ka ga jirgi ya cika har bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ka jira na gaba, ko da za a yi maka dariya.

3. Kada a shiga ruwa da dare, ko in hadari ya haɗu, ko iska ta taso. Direba ba ya ganin kututture da dutse a duhu.

4. A zauna wuri ɗaya. Kada a miƙe don ɗaukar hoto, kada kowa ya koma gefe guda.

5. Jirgi ba shi da birki irin na mota. Direban kirki yana rage gudu tun daga nesa in zai yi kwana, in ya kusa gaɓa, in ya ga masunta ko masu wanka, ko in zai haye igiyar da wani jirgi ya bari. Igiyar da jirgi mai gudu ke tayarwa tana iya kifar da ƙaramin kwalekwalen da ke gefe.

6. Injuna da yawa suna da wata 'yar igiya da direba ke ɗaurawa a jikinsa, in ya faɗa ruwa sai inji ya mutu da kansa. Ba ado ba ce, a yi amfani da ita.

7. In direba yana gudun ganganci, ko alama ta nuna ya sha wani abu, a yi masa magana cikin ladabi, a gaya wa babban da ke kusa. Kada mu zama masu zuga shi da tafi da ihu.

8. In wani ya faɗa ruwa, a yi kururuwa, a miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarkar da babu komai a ciki a rufe. Kada yaro ya yi tsalle ya bi shi, domin sau da yawa sai a rasa su biyun.

Wannan gargaɗi ya haɗa da yayyenmu masu tseren babur a kan titin Katsina zuwa Dutsin-Ma, da mu kanmu masu zuwa wanka a kududdufi da damina ba da sanin iyaye ba. Muna roƙon malamanmu su taimaka su maimaita wannan a taron safe kafin a ba da hutu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wanda ke da ra'ayi a kan gardamarmu, ko jarumi ne Donald Campbell ko kuwa ya wuce gona da iri, ya rubuta a takarda ya ba kowane ɗan kulob. Za mu liƙa mafi kyau a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Don Allah kada a yage takardar nan, a bar wasu ma su karanta.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Kulob ɗin 'Yan Jarida, Kurfi.